Neman Asalin Malamin Ƙauye daga Cikin Badala

Kano ba ta yi sakaci da sunayen sarakunanta ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya jero su tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kowanne da shekarun da ya yi a kan gado da yaƙoƙin da ya gwabza. Malaman birni ma sun sami rabonsu. Akwai rubutun nan na Asalin Wangarawa, na wajen 1650, wanda ya bi zuriyar Shehu Abdurrahman Zaite da ya zo daga ƙasar Malle, kuma har gobe idan ka shiga zaurukan Madabo ko Kabara za ka tarar da wanda zai lissafo maka malaman gidan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba takarda ba.

Wanda ya faɗa rami tsakanin fada da zaure shi ne malamin ƙauye: mutumin da yake duƙe da fartanya tun daga saukar ruwa har kaka, sa'an nan idan an kai amfani rumbu ya rataya gafaka ya shiga ƙauyuka da kasuwanni yana wa'azi. Irin waɗannan malamai su suka kai karatun alwala da salla da hukuncin zakka lungunan da malamin birni bai taɓa takawa ba. Da yawa daga cikinmu da muke zaune a ofisoshi a yau jikokinsu ne, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan mahaifin irin wannan kakan nasu.

Kakan mahaifina ɗaya ne daga cikinsu. A gidanmu na cikin birni, idan aka ce Malam kawai ba a ƙara komai ba, shi ake nufi, ko da yake bai taɓa zama a gidan ba. A wani ƙauye na ƙasar Dawakin Kudu ya rayu, can kuma aka binne shi. Ɗansa, wato kakana, shi ya turo birni karatu yana yaro, ya koyi ɗinkin riguna a gefen kasuwar Kurmi, ya yi aure, ya zama ɗan birni. Abin da ya tayar da maganar asalin Malam shi ne taron zumuncin da dangi ke yi bayan Babbar Salla. Wani baffana ya kawo shawarar a buga kalanda mai ɗauke da bishiyar zuriya, kuma ya riga ya tsara layin farko: Malam ɗan malaman Barno ne da suka yi hijira zuwa ƙasar Kano. A zaman ne kuma aka sanar cewa masu yanka filaye sun yi tayin guntuwar gonar Malam da ta rage. Da yake ni ne ɗan jarida a cikin dangi, sai aka ɗora mini aikin tabbatar da layin kafin a kai wa mai ɗab'i.

Abin da takardun hukuma suka riƙe

Da a Ingila Malam ya rayu, da aikin bai wuce na 'yan makonni ba. Tun 1538 aka umarci majami'un ƙasar su riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne, kuma daga 1841 ƙidayarsu ta fara ɗaukar sunan kowane mutum a kowane gida. Manomin da yake wa'azi a ƙaramar majami'ar ƙauye yana nan a rubuce, shi da matarsa da 'ya'yansa. A wurinmu raɗin suna da ɗaurin aure da jana'iza duk a gaban shaidu ake yin su, kuma ƙwaƙwalwar shaidun ita ce rajistar.

Wannan bai sa takarda ta zama babu ba. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Kano, haka nan a Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. A ciki akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi bayan sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Sai dai mai karanta su zai lura da abin da ya dami marubutan: sunan hakimi da dagatai, yawan masu biyan haraji, yawan shanu da jakuna da karofi. Tun kafin yaƙin duniya na farko aka fara auna gonakin gundumomin da ke kewaye da birni da taki, domin a yanka wa kowace gona kuɗinta. Manomi yana shiga irin wannan lissafi a matsayin faɗin ƙasa da adadin sulalla. Ko ya haddace Alƙur'ani, ko yana wa'azi ran kasuwa, wannan bai shafi mai karɓar haraji ba.

Malamin ƙauye yakan fito fili a rubutu ne idan ya yi karo da hukuma. Misali mafi kusa da mu shi ne Malam Hamza na Tsakuwa, a ƙasar Dawakin Kudu ɗin nan. A shekarun 1840 shi da wasu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka tashi da jama'arsu suka shige duwatsun Ningi. Daga wannan ƙaura aka sami daular da ta hana kudancin Kano barci shekaru masu yawa, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙarar da babban ɓangare na mulkinsa yana fama da Ningawa. Saboda haka aka san Malam Hamza, har Ba'amurke Adell Patton ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Ningi. Hanya ta biyu ita ce shari'a. Allan Christelow ya buga zaɓaɓɓun ƙararraki daga majalisar Sarki Abbas ta 1913 da 1914, kuma a ciki ana jin muryoyin talakawa suna jayayya a kan gona da gado. Wanda bai yi tawaye ba, bai kuma kai ƙara ba, ya biya harajinsa ya koma gona, takarda ba ta da dalilin riƙe shi. Malam yana cikin waɗannan.

Abin da mata suka riƙe

Littafin da ya fi kowanne bayyana rayuwar gidan malami manomi a ƙasar Hausa daga bakin mace ya fito. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951, 'yar manomi ce mai koyar da Alƙur'ani. Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Baba ba ta karatu ba ta rubutu, amma ta kawo kakanninta da aurarrakinsu da gandayensu daki-daki. Dalilin ba boyayye ba ne. Mace ce take zuwa biki da suna da zaman makoki, ita take sanin wa ya sha nonon wa, domin kuskure a nan yana iya haramta aure.

Tamu Babar ita ce autar Malam, ƙanwar kakana, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Ta haura tamanin, tana zaune a ɗakinta na ƙasa a cikin birni. Da na tambaye ta shekarar da aka haifi Malam, sai ta yi dariya ta ce, “Kai maigida, da can wa yake ƙirga wa mutum shekara? Tambaye ni abin da aka yi, in gaya maka inda yake.” Da haka muka yi aikin. Ta ce Malam ya sha faɗa musu cewa yana cikin jinyar kaciya labari ya iso ƙauye cewa Nasara sun shiga birni. Wannan 1903 ke nan, kuma da yake a wajen shekara bakwai ake yi wa yara kaciya a lokacin, haihuwarsa ta faɗo jim kaɗan bayan basasar Tukur da Alu ta 1893 zuwa 1895. Ta ce yunwar Malali ta same shi yana gabas wajen karatu, wato 1914. Ita kanta an haife ta a shekarar 'Yar Gusau, 1942, aka yi mata aure shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Malam kuwa ya rasu da kaka, a shekarar da Sarki Sanusi ya bar gado ya tafi Azare, 1963.

Wannan hanyar ƙirga ta fi ƙarfi fiye da yadda masu boko suke zato. Tsohuwa tana iya rikita lamba, amma da wuya ta rikita abin da ya zo kafin wani, musamman idan yunwa ce ko mutuwa ko aure. Aikin mai bincike shi ne ya san shekarun manyan al'amura, ya bar ta ta rataya nata labarin a jikinsu.

Abin da gafaka ta riƙe

A ƙarƙashin gadon Gwaggo akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa gafakar Malam. Littattafan da ke ciki su ne waɗanda duk wanda ya zauna a zaure ya sani: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibn Abi Zaid, da Ishiriniya. Sai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin tadarishi, warƙa-warƙa, da kundi wanda gara ta ci gefensa. Idan aka ɗaga wasu warƙoƙin a hasken rana ana ganin alamar jinjirin wata uku a jikin takardar. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, tana ratso Sahara ta hannun fatake, kuma ita ce mafi yawan abin da malaman ƙasar Hausa suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19. Wannan ya nuna cewa wasu littattafan sun girmi Malam, gadonsu ya yi ko saye.

Dukiyar mai neman asali tana gefen shafi. A nan Malam ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, rana da wata. A nan ya rubuta bashi: dami kaza na dawa a hannun wane, za a biya da kaka. Akwai shafin da ya jera taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowanne da kwana goma sha ukunsa, domin da wannan lissafi manoma suke zuwa tambayar malami ko lokacin shuka ya yi ko ruwan yaudara ne. Akwai wani shafin da ya fayyace zakkar hatsi: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka yi wa ban ruwa, sa'an nan ya juya nisabin zuwa damman da mutanen ƙauyensa suka sani. Daga nan ake gane irin wa'azinsa. Masu sauraronsa manoma ne, shi ma manomi ne, tambayoyinsu kuwa na awo ne da iyakar gona da haƙƙin maraya da iddar mace.

A ƙarshen Alƙur'anin, inda marubuci yakan sa sunansa ya roƙi gafara, Malam ya ambaci kansa da mahaifinsa da kakansa, sa'an nan malaminsa. Sunan mahaifin na Musulunci ne. Sunan kakan kuwa irin na Hausawan dauri ne, wanda ake raɗa wa yaro saboda yanayin da aka haife shi a ciki, kuma babu laƙabin malam a gabansa. Sunan malaminsa ne yake ɗauke da nisbar Barno.

Abin da gona ta riƙe

Gona ma tana ba da shaida ga wanda ya iya tambayarta. Dattawan ƙauyen sun zagaya da ni iyakar gandun Malam na asali, wadda har yanzu ake gane ta da layin gamba da wata tsohuwar kuka da ɗorawa biyu. A cikin wannan da'ira yanzu akwai gonaki goma sha ɗaya. Kowace iyaka ta ciki rabon gado ce, kuma idan ka tambayi wanda ya ba wa wane, sai ka ga bishiyar zuriya ta fito a ƙasa, har da rassan da birni ya manta da su. Gonakin da suke maƙwabtaka da gandun daga gabas na zuriyar ƙannen mahaifin Malam ne. Wanda ya zo baƙo yakan sami gona a hannun dagaci ko mai unguwa a gefen gari, shi kaɗai. Wanda gonarsa take tsakiyar ta 'yan'uwan ubansa, an daɗe da sare wannan dajin.

Wannan ƙasa ta kewayen birni tana cikin mafi cunkoson ƙasar noma a Afirka ta Yamma. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Dorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da yadda rabon gado yake tsuke ta har ta kasa ci da gida. Jakuna su suka riƙe tsarin: su fito da taki daga birni da rani, su koma da hatsi da itace da kara. Ta wannan hanya kakana ya shigo ta Ƙofar Nasarawa, ta nan kuma dawar Malam take zuwa gidan malamin da aka damƙa shi a hannunsa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ciniki ya buɗe, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, Malam ma ya ware mata gefe. Harajin nan bai bar wuyan talakan Kano ba sai 1979, da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi, shekara goma sha shida bayan rasuwar Malam.

Maganar Barno

Da aka haɗa shaidun, layin farko na kalandar bai tsaya ba. Gwaggo ta ce Malam ba shi da zanen Barebari a fuska, 'yar bille ce kawai a kumatunsa. Ta ce gidansu ba su taɓa wasan Barebari da Fulani ba, abokan wasansu Zagezagi ne kamar kowane Bakano. Gona ta ce dangin sun daɗe a wurin. Littafi ya ce Barno ta malaminsa ce. Abin da ya faru a bayyane yake: saurayi ya tafi gabas neman Alƙur'ani kamar yadda dubban gardawa suka yi, ya daɗe, ya dawo da salon rubutun can da karin harshensu a tilawa, mutane suka riƙa danganta shi da inda ya yi karatu. Bayan zuriya biyu a birni, tafiyar karatu ta rikiɗe ta zama hijirar kakanni.

Ba gidanmu kaɗai ke da wannan ba. A cikin badala asali jari ne, ana auna shi wajen neman aure da limanci da sarauta, kuma kowa ya fi son a ce kakansa daga Barno ko Malle ko Agadas ya zo da littattafai a kan raƙumi. Wasu gidajen da gaskiyarsu, suna da takardun da za su nuna. Wasu kuwa gudun kalma ɗaya suke yi, kada a ce kakan kakansu Bamaguje ne mai noma. Na gaya wa baffana abin da na samu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ɗana, so kake a buga a rarraba wa surukai cewa mu manoma ne?” Na ce, “Baffa, Malam da hannunsa ya rubuta sunan kakansa a ƙarshen Alƙur'ani, bai sake masa suna ba, bai ƙara masa laƙabi ba. Nauyi ne a kanmu mu goge abin da shi bai ji kunyarsa ba.” Aka buga kalandar da sunaye ukun kamar yadda suke a warƙar, aka rubuta Barno a inda ta dace, a gaban sunan malaminsa.

A ganina labarin gaskiyar ya fi na aron daraja. Gida ne da a cikin zuriya uku ya tashi daga mutumin da ba a kira shi malam ba zuwa wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Noman kuma da ake son ɓoyewa shi ne ƙashin bayan wa'azin. Malamin da yake ci daga rumbunsa yana iya tsayawa a kasuwa ya yi magana a kan tauye mudu alhali manyan 'yan awo suna zaune, ya yi magana a kan cin gonar marayu alhali mai unguwa yana ji. Gwaggo ta ce in an kawo masa sadaka yakan karɓa ya miƙa wa almajirai, amma tuwon gidansa daga gandunsa yake fitowa, kuma duk wanda ya zo ɗaukar karatu da damina sai ya bi shi gona, a yi karatun a gindin ɗorawa idan rana ta take. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Malam ya tsare bakinsa ne ta hanyar tsare cikinsa.

Shaidun nan uku duk suna kan hanyar ɓacewa, kuma tare suke tafiya. Birni ya ci Dorayi da Polly Hill ta sani, yana cin Kumbotso, ya doshi Dawakin Kudu, kuma ranar da aka shigar da katafila gona, gamba da kuka da iyakokin gado duk a yini ɗaya suke tafiya. Gafaka tana hannun gara da damshi, ko hannun magajin da zai raba warƙoƙin a matsayin tabarruki. Tsofaffin da suka ga irin su Malam da idonsu sun haura tamanin. Mai karatu da yake da irin wannan kakan, wayar da ke hannunsa ta isa ta fara aikin: a ɗauki muryar tsohuwar gida tana ba da labari yadda ta ga dama, a ɗauki hoton kowace warƙa har da gefenta da bayanta, a taka iyakar gona tare da dattawan gari a rubuta sunan mai kowace gona da wanda ya gada a wurinsa. Game da tamu guntuwar gonar, dangi sun amince ba za a sa hannu a takardar ciniki ba sai an gama zana taswirar gandun duka, da sunayen gidaje goma sha ɗayan da suka fito daga cikinsa.